Yatsuna, Vim da Baffan Mijina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da yatsuna suka tona mini asiri a bangon zauren taron makarantarmu ba. Ko na so in manta, mutanen Gummi ba za su bari ba.

Ni malamar Hausa ce a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo a nan Gummi. Asalina 'yar Anka ce, aure ne ya kawo ni. Kafin in koma karatu in zama malama, na yi aikin buga takardu a wani ofis a garinmu, da tafireta na fara, daga baya aka kawo kwamfuta. Ban son yabon kai, amma hannuna yana da sauri. Ina bugawa ba tare da na kalli madannai ba, ina bugawa ina gaisawa da mutane. Sai dai aikin ya bar mini wata ɗabi'a: duk abin da nake tunani, yatsuna suna buga shi. A kan tebur, a kan cinya, a gefen faranti idan ina tsince shinkafa. Inna takan kalle ni ta ce, "Wagga ɗiya, mi kike kiɗawa haka ba ganga ba kalangu?" Sai in yi dariya. Ai faranti ba ya karatu.

Wata shekara wata ƙungiya ta kawo wa makarantarmu wata 'yar na'ura da suke kira saba. Ba ta fi kwanon sha girma ba, amma a cikinta akwai littattafai, da tambayoyin jarrabawar shekarun baya, da darussa na bidiyo. Yara za su shiga su karanta daga 'yan kwamfutocin da muke da su, ba sai da intanet ba, ba sai an sayi data ba. Ga wanda ya san yadda sabis ke ɗaukewa a yankinmu, da yadda yarinya ɗaya ke riƙe littafi ajin gaba ɗaya na jiran ta gama, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sharaɗi ɗaya suka gindaya: sai an sami malami a makarantar da zai iya kula da ita. Idan ba a samu ba, za a ɗauke ta a kai wata makaranta a Bukkuyum da ke biye da mu a layi.

Da shugabar makaranta ta tambayi wa zai karɓi aikin, maza suka yi ta duban silin. Na ɗaga hannu. Har na ƙara da cewa, "Kwamfuta ai tafireta ce da aka liƙa wa talabijin." (Da a nan na yi shiru, da an ce ina da ƙoƙari kawai.)

Wadda aka turo ta koya mini ba kowa ba ce illa Nafisa, ɗalibata ta da, wadda na taɓa sa wa ta sake rubuta insha'i saboda ba ta sa wa ɗ da ƙ lanƙwasa. Yanzu ta gama jami'a, tana aiki da ƙungiyar. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malama, da na ji ke ce, hankalina ya kwanta. Ni na ce musu a bar na'urar a Gummi, akwai wadda za ta iya."

Ta buɗe kwamfuta ta haɗa ta da sabar. Na jira in ga hotuna da 'yar kibiyar nan da ake ja da maus. Ba ko ɗaya. Baƙin allo ne kawai, da wani ɗan farin abu yana ƙyafta ido a kusurwa. Ta ce da sabar ba a nuna abu da kibiya, rubuta mata umarni ake yi. Idan kuma za a gyara rubutu a cikin wani fayil, akwai wata manhaja da ake kira Vim.

"Malama, Vim tana da hali biyu," in ji ta. "Idan kika buɗe ta, ba rubutu take jira ba, umarni take jira. Kowane harafi kika taɓa, aiki kika sa ta. Sai kin danna i za ta bar ki ki yi rubutu. In kin gama, ki danna Esc, ta koma jiran umarni. Daga nan, :wq ya ajiye aikin ya fitar da ke. Idan kuma kin yi ɓarna ba ki so a ajiye, :q! ya fitar da ke, fayil ya zauna yadda yake."

Na ce, "Wato sai na nemi izini kafin in yi rubutu?"

Ta ce, "Kusan haka ne, Malama."

Ta kuma faɗi wani abu game da Ctrl da S. Na tuna bakinta yana motsi, har ta ɗaga yatsa. Amma a daidai lokacin na hango ta rubuta "karshe" a takarda ba lanƙwasa, ina can ina gyara mata.

Farkon koyon ya wahalar da ni. Ranar da na fara gwadawa ni kaɗai, na shiga na kasa fita. Na danna duk abin da ke dannuwa, na yi ta'awizi, a ƙarshe na rufe murfin kwamfutar na ce wa Nafisa caji ne ya ƙare. Ta kalli fitilar caji tana ci kore shar, ta kalle ni, ta ce, "Haka ne, Malama." Yarinyar tana da tarbiyya.

Amma a hankali abin ya fara shiga raina. Ina zama lokacin tara ina gwadawa yayin da sauran malamai ke cin awara. Na gano dd yana share layi guda ɗungurungum, u yana dawo da shi, o yana buɗe sabon layi a ƙasa ya ba ka damar rubutu. Ga wadda ta taso da tafireta, wannan abu ne mai daɗi: hannu ba ya barin madannai ko sau ɗaya. Na fara sauri. Da saurin ya zo, sai girman kai ya biyo shi. Har na ce wa maigidana, "Wannan Vim da ake tsoro, ni ta zama 'yar ɗakina."

Sai ranar gwaji ta zo. Ƙungiyar ta turo wani injiniya, mutum mai ƙarancin magana, ya zo ya ga ko na iya. Shugabar makaranta kuwa ta ga ai wannan abin nunawa ne, ta mai da gwajin biki. Aka gayyaci iyayen yara, aka jera kujeru a zaure, 'yan ajin ƙarshe suka cika baya, aka kafa majigi yana haska duk abin da ke fuskar kwamfutata a jikin bango, kowane harafi kamar tafin hannu.

A kujerar gaba akwai Alhaji Bawa, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Shi ne kuma baffan mijina, shi ya riƙe shi tun yana yaro, shi ya je Anka ya nemo masa aurena. Baba nake ce masa, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Dillalin shanu ne, mutumin kirki, mai kyauta. Abu biyu kowa ya san shi da su. Na farko, idan ya tashi magana ba ya zama. Na biyu, da girmansa ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya koyi boko, kuma tun daga lokacin ba rubutun da zai wuce ta gabansa bai karanta shi da ƙarfi ba. Idan kuka shiga mota ɗaya daga Gummi zuwa Anka, za ka ji sunan kowane shago da abin da aka rubuta a bayan kowace babbar mota.

Injiniya ya faɗi aikin: in buɗe fayil ɗin shafin farko, wanda yara ke gani idan sun shiga, in ƙara layin maraba a ƙarƙashin sunan makaranta, in ajiye, in fita. Ya ce kada kowa ya taimaka mini. Aikin da na yi ya fi a ƙirga.

Na buɗe Vim. Sunan makarantarmu ya fito a layin farko, Baba ya karanta shi da ƙarfi, aka yi tafi. Sai shaiɗan ya raɗa mini cewa in nuna musu yadda ake yi. Na ɗauke idona daga kwamfutar, na kalli jama'a, na yi murmushi, na saki yatsuna: Sannu da zuwa iyayenmu.

Ban danna o ba, ban danna i ba. A wurin Vim kuwa, babban S umarni ne, ma'anarsa share layin nan gaba ɗaya ka fara rubutu a madadinsa. Ta kuwa bi umarni.

Ina cikin murmushi na ji muryar Baba: "An-nu da zu-wa i-ya-yen-mu." Ya sake duban bangon. "Ɗiyata, ina sunan makarantar ya tahi?"

Na juya na kalli bango. Sunan makaranta ya ɓace. Gabana ya faɗi. A ofishinmu na Anka, saboda yawan ɗauke wuta, hannuna ya saba da cewa duk lokacin da na firgita sai ya danna Ctrl da S don kada aiki ya salwanta. Kafin in yi tunani, ya danna.

Komai ya tsaya cak. Ɗan farin abin ya daina amsawa. Na buga :wq, ba abin da ya fito. Na sake bugawa, shiru. Na danna madannai da ƙarfi kamar tsohuwar tafireta, bangon bai motsa ba. Na ce a raina shi ke nan, na kashe musu na'ura.

Zauren ya yi tsit. Baba kuwa ba ya iya ganin shiru ya bar shi. Ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya juya ga jama'a (Allah ya sani, rufa mini asiri yake son yi) ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri, inji ya gaji haka. Lokacin da anka kawo injin niƙa na hwarko a unguwarmu..." Ya kama labarin injin niƙa. Daga nan ya shiga na wata motar shanu da ta mace musu a hanyar Bukkuyum, da yadda suka kwana uku suna turi, da sunan direban, da sunan uban direban.

Ni kuma ina nan zaune gaban kwamfuta. Na kalli Nafisa, ta haɗa hannuwa a ƙirji, idonta ya yi rau-rau. Na kalli 'yan matan da ke baya, waɗanda suka riga suka fara karanta littattafan cikin na'urar. Yatsuna suna kan madannai, kuma kun san halinsu. Tunda na'ura ta mutu, ai ta zama faranti. Ban ma san suna aiki ba.

Da na ga abin ba zai ƙare ba, na haɗiye girman kai na ce, "Injiniya, na maƙale. A yi mini izini in yi wa Nafisa tambaya ɗaya."

Ya gyaɗa kai.

Nafisa ta matso ta ce a hankali, "Malama, me kika danna na ƙarshe kafin ya tsaya?"

"Ctrl da S."

"Shi ne na ce miki kada ki taɓa. Bai mutu ba, fuskar ce kawai ta tsaya. Ctrl da Q zai sake ta. Amma Malama, duk abin da kika buga tun ɗazu yana nan yana jira, in kika..."

Rabin farko kawai na ji. Na danna.

Kamar an buɗe famfo. Layi bayan layi suka zubo a jikin bango, manya-manya, fari a kan baƙi:

annu da zuwa iyayenmu:wq
:wq
fita
ki fita mana
Inna ki sa ni a addu'a
Nafisa kin kashe ni
shi ke nan ta tafi Bukkuyum
wannan tsohon ya cika surutu wallahi
Baba don Allah ka zauna

Baba ya ga haske ya motsa a fuskokin mutane, ya katse labarin direba, ya juya. Ya ga rubutu. Na riga na gaya muku ba ya barin rubutu ya wuce.

Ya fara daga sama. Ya tsallake :wq don bai san yadda ake furta shi ba. "Hi-ta. Ki hi-ta ma-na." Wasu suka fara murmushi. "In-na ki sa ni a ad-du'a." Wata uwa daga tsakiya ta ce amin. Shugabar makaranta, wadda idonta ya riga ya kai ƙasa, ta fara tari na ƙarya. Bai ji ta ba. "Wan-nan tso-hon ya ci-ka su-ru-tu wal-la-hi. Ba-ba don Al-lah ka zau-na."

Na sha jin mutane suna cewa sun so ƙasa ta tsage su shige. Ni ban ma kai ga wannan tunanin ba. Kunnuwana ne kawai suka yi zafi, na ji mayafina ya yi mini nauyi.

Baba ya waiga dama, ya waiga hagu, a tsanake, yana duba ko akwai wani tsoho a tsaye. Babu. Ya ce, "To, ni ne ke nan." Ya tattara rigarsa ya koma kujera. "Na zamna, ɗiyata. Ci gaba da aikinki."

Zauren ya fashe da dariya. 'Yan matan baya har da kifa kai a kan benci. Injiniyan da tun safe ban ga haƙorinsa ba ya rufe fuska da takarda.

Soket ɗin wutar yana kusa da ƙafata. Na kalle shi. Taɓawa ɗaya, bango ya yi duhu, in ce wuta ce ta ɗauke, in sulale gida. Har babban yatsana ya fara matsawa. Sai idona ya sauka a can ƙasan allon, inda Vim ke nuna halin da take ciki, na ga har yanzu tana halin rubutu. Na tsaya. Wato tun da S ya buɗe mini ƙofa ban taɓa danna Esc ba. Duk :wq ɗin da na yi ta bugawa ba umarni ba ne a wurinta, rubutu ne kawai kamar sauran. Ba a ajiye komai ba. Da a ce na tuna na danna Esc a cikin firgicin nan, da na ajiye ɓarnar da hannuna, da sunan makaranta ya tafi. Mantuwata ce ta cece ni.

Na janye ƙafa. Na danna Esc. Na buga :q! a hankali, harafi ɗaya-ɗaya, idona a kan allo. Duk abin kunyar ya ɓace daga bango. Na sake buɗe fayil ɗin, ga sunan makaranta nan daram a layin farko. Na danna o, na rubuta layin maraba, na danna Esc, na buga :wq. Nafisa ta sabunta shafin.

"San-nu da zu-wa i-ya-yen-mu," in ji Baba daga zaune. "Yanzu ta yi."

Bayan an watse, Injiniya ya same ni ina naɗe waya, ban iya ɗaga kai ba. Ya ce, "Malama, ni ma ranar da na fara shiga Vim sai da na kashe kwamfutar gaba ɗaya kafin na fita. Kowa yana maƙalewa. Abin da nake dubawa shi ne abin da mutum zai yi in ya maƙale. Na ga ƙafarki wajen soket, na kuma ga kin janye ta." Ya ce na'urar za ta zauna a Gummi, Nafisa za ta riƙa leƙo ni har in ƙware.

Saura Baba. Bayan la'asar maigidana ya ɗauke ni a babur zuwa gidansa, a hanya ina jin bayansa yana girgiza saboda dariyar da yake dannewa. Labari ya riga mu isa. Na durƙusa a bakin tabarma na ce, "Baba, na yi kuskure, ka yafe mini."

Kafin ya amsa, Hajiya matarsa ta fito da kwanon fura ta ajiye a gabana, ta ce, "Sha, ɗiyata. Shekara da shekaru nike hwaɗa mashi, bai taɓa ji ba sai da anka rubuta a bango."

Baba ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce ya yafe, amma da sharaɗin in ƙyale shi ya ƙarasa mini labarin motar shanun, tunda na katse shi a tsakiya. Na zauna na saurara har aka kira magariba. (Sun samu sun tayar da motar, ga mai son sani.)

Yanzu na'urar tana nan tana aiki. Ranar Laraba bayan an tashi ina zama da 'yan matan da ke sha'awa ina koya musu baƙin allon, kuma akwai biyu a cikinsu da suka fara fin ni sauri. Darasin farko kullum shi ne yadda ake fita, kafin a koyi rubuta ko harafi ɗaya. Idan wata ta maƙale ta fara kumbura fuska, sai in ba ta labarin nan da bakina, tunda ko ban ba ta ba za ta ji a gida.

Abin da na koya kuwa bai da yawa. Idan abu ya yi maka shiru, kada ka ɗauka ba ya ji. Wataƙila tarawa yake yi, yana jiran a cika zaure. Baba har gobe in ya tashi magana ba ya zama, ni ma ban fasa tunanin abin da nake tunani ba. Bambancin kawai, duk ranar taron iyaye, a kan hannuwana nake zama.